Mangwaron Rawle

Ranar da Verona ta ɗauko hayar mota don su zaga tsibiri, wata bakwai ke nan cif da Rawle ya fita kamun kifi bai dawo ba. Rawle ɗan Ismay ne, shi kaɗai Allah ya ba ta, shekararsa talatin da huɗu. Ya tashi daga garin masunta na Oistins da sassafe shi da abokin aikinsa, a ƙarshen lokacin kifi mai fiffike, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Aka kwana tara ana nema. Ba a ga jirgin ba, ba a ga ko jarkar mai tana yawo bisa ruwa ba. Duk Barbados aka ji labarin, aka yi mako biyu ana jajantawa, sannan mutane suka koma maganar wasan kurket.

Ismay ba ta taɓa buɗe baki ta ce ya mutu ba. Duk wanda ya zo gaisuwa, amsarta ɗaya ce: "Bai dawo ba tukuna." Ta daina bin hanyar bakin ruwa. Ko coci za ta, sai ta zaga ta bayan makaranta don kada idonta ya faɗa kan teku. Ƙanwarta Verona, wadda ta shekara talatin da wani abu tana aikin jinya a Ingila, ita ta zo ta tsaya mata a ka har aka yi addu'a a coci ba akwati. Ita ce kuma ta kai sunansa gidan rediyo aka karanta cikin sanarwar mamata ta safe. Ismay ta yarda ne don ta huta da baki. Safiyar da aka karanta sunan, tana bayan gida ta buɗe famfo har ƙarshe, tana dirzar tukunyar da ba ta da datti.

Wata guda bayan haka Verona ta shigo mata ɗaki da wata takarda mai hoton furanni.

"Yaya, tashi ki sa rigarki ta zuwa coci. Mota na waje. Yau mu ma baƙi ne, za a zaga da mu bakin gabas, a kai mu lambu mu ga furanni."

"Ke ce baƙuwa. Ni a nan aka haife ni, me zan gani?"

"Shekara sittin da biyu kina cikin tsibirin da ake gama zagaya shi kafin tukunya ta tafasa, amma in ba coci da kasuwar kifi ba ina kika sani? Turawa na ƙetaro teku su zo kallo, ke kina zaune kina kallon bango. Jibi zan koma. Ki yi mini wannan ɗaya."

Ismay ta tashi ta sa rigar. Ba don tana so ba, sai don ta san Verona: in ta kama abu, gara ka ba ta.

Direban, Mista Skeete, ƙaton mutum ne mai hular kwano, bakinsa ba ya hutawa. Tun kafin su fita unguwa ya fara tsokanar Verona a kan rigar sanyin da ta yafa.

"Anti, dusar ƙanƙara kike jira? Ko da sanyin Landan kika taho a jaka?"

"Kai dai tuƙa motarka. Tayarka ta baya ta fi kanka sanƙo."

"Tayar nan ta ɗauki manyan mutane, Anti. Har da wani alƙali da matarsa."

"Sun isa gida lafiya?"

"Alƙalin dai ya isa."

Suka yi ta yi. Ismay na baya, jakarta bisa cinya. Suka ratsa gonakin rake, suka hau tudu, suka fara gangarawa, sai ta ji ƙarar tun kafin ta gani. Tekun gabas ba irin ta Oistins ba ce mai kwanciya. Wannan dukan dutse take yi ba dare ba rana, kamar mai neman a buɗe mata ƙofa. Iska ta shigo ta taga da gishiri a cikinta. Ismay ta sunkuyar da kai.

"Yesu! Yaya, dubi duwatsun Bathsheba!" in ji Verona. "Mista Skeete, rage gudu. Dubi kumfa, dubi launin ruwan nan! Na manta haka yake. Yaya, ɗago ki..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta juyo ta ga yayarta ta runtse ido, ta danƙe hannun jakar har jijiyoyin hannunta sun tashi. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Mista Skeete ma ya gani ta madubi. Ya ɗaga gilasan motar, ya ƙara wuta. Tafiyar da yakan yi a hankali yana tsayawa ana ɗaukar hoto, ranar a guje ya yi ta, teku na hannun dama tana ta duka. Ismay ba ta buɗe ido ba har sai da ta ji motar ta bar kwalta ta hau tsakuwa, ta ji inuwa ta rufe su, ƙarar ruwan ta koma nesa.

An rubuta a bakin ƙofa da baƙaƙen zinariya: Lambun Uwargida Amelia. Hanya miƙaƙƙiya, manyan itatuwa dama da hagu, a ƙarshenta ga babban gida an shafe shi da fenti ruwan hoda, da matakala fara da baranda mai faɗi. Baƙi kusan goma sha biyar na tsaye da huluna da kyamarori, fatarsu ta yi ja da rana. Wadda za ta zaga da su ita ce manajar wurin da kanta, Mis Greenidge, wata matashiya siririya mai farar riga, muryarta a goge.

Ta ja su cikin furanni tana bayani. Wannan daga Indiya aka kawo shi, wancan sau ɗaya yake fure a shekara, wannan tafkin kuwa Uwargida Amelia ce ta sa aka haƙa shekara ɗari biyu da suka wuce. Verona na ta "kai, kai!" don ta wanke laifinta. Ismay na bin su a baya, ba ta jin ko ɗaya.

Ƙafarta ce ta fara ganewa. Hanyar ta karkata ta zaga ta gefen gidan, ta yi gangare kaɗan, sannan ta yi wani ɗan tudu da ƙafar ta sani, har ta ɗaga da kanta kafin ido ya gani. Ismay ta tsaya. Ta ɗago kai. A gabanta ga tsohuwar hasumiyar dutse ta injin matse rake, an sa furanni sun haye ta, amma tsagewar nan da ke saman ƙofarta tana nan yadda take.

Ta kamo hannun ƙanwarta da ƙarfi.

"Verona. Nan Tullock ne."

"Wane Tullock? Yaya, rana ce ta..."

"Dubi hasumiyar. Dubi bayan gidan."

Verona ta juya. Daga nan bayan gidan ake gani, da ƙofar kicin, da matakala uku inda mahaifiyarsu takan tsaya ta miƙa wankin da ta goge. Bakinta ya buɗe, ta kasa rufewa. A gonar raken Tullock aka haife su su biyu, a nan suka girma, amma ba su taɓa ganin gidan ta gaba ba. Ɗan unguwar leburori ba ya bin hanyar gaba. Shi ya sa suka shigo ta ƙofarsa, suka hau matakalarsa, ba su san shi ba.

Mis Greenidge ta riga ta kai baƙin wani fili mai ciyawa shar, itatuwa warwatse a cikinsa ba tsari.

"Wannan shi ne filin 'ya'yan itatuwa," take cewa. "Uwargida Amelia ta dasa su da hannunta. Za ku lura ba a jere suke ba, don ta fi son su fito kamar daji."

"Ƙarya take," in ji Ismay a hankali. "Unguwarmu ce. Waccan kwakwar ta Pearlie ce. Gwaibar can ta tagwayen gidan Forde. Ga inda famfo yake."

Ba gida ko ɗaya. Gidajen unguwar na wancan lokaci na katako ne, bisa duwatsu ake ɗora su ba a kafa su a ƙasa, domin gidan naka ne amma ƙasar ta mai gona ce. Shekarar da aka daina rake a Tullock aka ba kowa wa'adi, aka yi ta kwance gidaje ana ɗorawa a bayan babbar mota, Lahadi bayan Lahadi, har unguwar ta ƙare. Gida yana ɗaukuwa, amma itace ba ya ɗaukuwa. Kuma kowane itace a filin nan yana da mai shi. In aka haifi yaro, cibiyarsa ta faɗi, uban yakan haƙa rami a bayan gida ya binne ta, ya dasa itace a kai. Itacen na yaron ne, da sunansa ake kiransa. Ranar da cibiyar Rawle ta faɗi, marigayi Oswin mijin Ismay ya naɗe ta a ƙyallen rigarsa, ya sa a gwangwanin madara, ya binne, ya dasa mangwaro. Rawle na da shekara shida aka tashe su. Daga baya wani ya ce musu an sa motar rusau an share wurin duka, sai Ismay ta cire shi daga ranta. Shekara ashirin da takwas ba ta tako ba.

Yanzu ga kwakwar Pearlie tsaye. In tana nan, to mangwaron Rawle yana nan.

Ismay ta saki hannun Verona. Matar da ta yi wata bakwai tana jan ƙafa sai ga ta tana sauri, ta wuce inda famfo yake, ta wuce gwaibar tagwaye, ta bi ta bayan wani shingen furanni zuwa ƙarshen unguwa inda gidansu yake a da. An gitta igiya da allo an rubuta ba a shiga. Ta ɗaga igiyar ta wuce.

Ƙamshin ne ya fara tarar ta, ƙamshin ɗanyen mangwaro da aka yanka. Sannan ta ga rassan. Suna zube a ƙasa, manya manya, sun rufe ciyawar, ganyensu bai ko fara yaushi ba, da fure da ƙananan 'ya'ya kamar kan yatsa. A tsakiyarsu kututturen yana tsaye, tsayin mutum biyu, ba reshe ko ɗaya a jikinsa, sai farin tabo guda biyar inda aka yanke, suna ta zubar da ƙaro. An zagaye gindinsa da jan fenti. Ta bayansa, inda ganyen yake tarewa a da, ga teku a buɗe tun daga nan har ƙarshen duniya.

Ba ta yi kuka ba. Jakar ce ta faɗi daga hannunta. Ta tsaya baki buɗe, tana duban kututturen tana duban ruwan, kamar an mare ta hagu da dama.

Wasu maza biyu na zaune a gefe kan wani reshe suna cin burodi da ƙosan kifi, injin yankan itace a ajiye a gabansu. Babban, Winfield, wani baƙi mai faɗin ƙirji, ya miƙe.

"Mama, nan ba a shiga. Ki koma wajen 'yan uwanki, yanzu za mu kayar da shi."

"Wa ya ce ku taɓa shi?" Muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Aiki aka ba mu, Mama. Ga Mista Bynoe can, shi ne mai lambu. Shi ya shafa fentin."

Wani tsoho ne ke tahowa da baro, ƙafarsa ɗaya na ja. Ya ajiye baron, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana dubanta. Daidai nan Verona ta iso tana haki.

"Ismay?" in ji tsohon. "Ismay 'yar Mis Clarice? Da ƙaramar, mai bakin nan?"

Ta gane shi. Maƙwabcinsu ne na da, shi ya kama wa Oswin suka kwance rufin gidansu. Da aka tashi kowa, shi aka riƙe shi yana kula da furannin babban gida.

"Mista Bynoe, kai ka shafa jan nan?"

Ya cire hularsa. "Ni ne, 'yata. Allah ya ji ƙan yaron. Na ji a rediyo."

"Ka ji a rediyo."

"Shekara ashirin da takwas ina tsaron itatuwan nan. Masu wuri uku aka yi, kowanne sai ya so ya sare. Na ce musu in dai mai itace na da rai, ba a taɓawa sai a bayan raina. Kullum da safe ina kasa kunne in ji sanarwa. In na ji sunan ɗan unguwarmu, to itacensa ya koma na ƙasa, haka muka taras. Shekara uku manaja na roƙona wannan, wai ya tare teku, ina hanawa. Na ji an ce jirginsa ya ɓata, ban yarda ba, na ce sai na ji daga gidansu. Watan jiya na ji an karanta: Rawle Yearwood, ɗan Ismay da marigayi Oswin. Na ce to, uwarsa ta sallama. Da ƙafata na je na ce mata ta iya sarewa."

Verona ta dafe ƙirji. Ta ja baya har ta yi karo da wani reshe ta zauna a kansa ba shiri.

"Ni na kai," ta ce. "Ni na rubuta da hannuna. Ita ba ta so ba. Ya Ubangiji, ni na kai."

Mis Greenidge ta ɓullo ta bayan shingen da sauri, ta bar baƙinta wajen tafki.

"Ku yi haƙuri, nan ba na baƙi ba ne. Mista Bynoe, me ke faruwa? Winfield, har yanzu bai faɗi ba? Jibi ne bikin nan fa."

"Mis, uwar mai itacen ce," in ji tsohon.

"Wane mai itace?"

Verona ta miƙe, bakinta ya dawo. "Au, ba ki sani ba? Ai na ɗauka Uwargida Amelia ce ta dasa da hannunta. Mangwaro mai shekara ɗari biyu! Yarinya, wa ya haife ki? Ba ki da kaka? Ba wanda ya taɓa nuna miki inda aka binne cibiyarki?"

Fuskar matashiyar ta canza. Ta dubi kututturen, ta waiga ta dubi filin da itatuwansa warwatse, ta dubi Mista Bynoe. Muryar nan gogaggiya ta tafi, ta dawo irin ta kowa.

"A asibiti aka haife ni, Anti. Abin da aka rubuta mini a kati shi nake faɗa. Mista Bynoe, duk itatuwan nan? Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ba ki taɓa tambaya ba. Cewa kike tsufa ne."

Ta shafa goshinta. "Mama, ki gafarce ni, ban sani ba. Amma ki duba, an riga an gama da shi. Jibi wasu daga Kanada za su ɗaura aure a nan, a wannan wurin, don teku ta fito a bayansu. Masu wurin suna waje, su suka ba da umarni. Kuma Mista Bynoe da kansa ya ce mini an halatta."

"Dokarsa ce, ko?" in ji Verona. Ta juya ga tsohon. "Ka ce ba a taɓa na mai rai."

"Haka ne."

"To wa ya ga gawa? Kai ka gani? Rediyo ya gani? Ni ce na yi azarɓaɓi." Ta kamo kafaɗar yayarta. "Yaya, faɗa musu. Faɗa musu abin da kike faɗa mini kullum. Magana ɗaya ce."

Mista Bynoe ya murza hularsa a hannu. "In uwarsa ta ce yana da rai, ni ban ji rediyo ba. Zan kankare jan nan yanzu, kuma duk wanda zai sare sai ya fara da ni."

Kowa ya juyo gare ta. Maganar na bakinta, ta faɗe ta sau ɗari, ta faɗa wa fasto, ta faɗa wa mai kawo wasiƙa. Ismay ta taka cikin rassan, ganye na karyewa ƙarƙashin takalminta, har ta isa gindin. Ta ɗora tafin hannunta a jikin ɓawon. Da ɗumi, rana ta dake shi, wurin da bai taɓa ganin rana ba. Ƙaro ya gangaro ya taɓa yatsunta. Ta buɗe baki ta faɗi abin da ta saba, sai ta ji ba za ta iya faɗarsa a nan ba, tana tsaye a kan abin da ke ƙarƙashin ƙafarta.

"Ya mutu," ta ce.

"Yaya!"

"Ya mutu, Verona. Rawle ya mutu." Ta faɗa kamar ita ma yanzu aka gaya mata. Ba ta ɗauke hannun ba. "Ruwan can ya tafi da shi duka, bai bar mini ko maɓallin riga ba. An yi addu'a, ba akwati. Ba ni da inda zan je in tsaya. Abin da ya rage na jikin ɗana a bayan ƙasa yana nan ƙarƙashi, cikin gwangwanin madara, ubansa ya sa shi ina kallo. Nan ne kabarinsa. Wanda zai sare ya zo ya sare, ina tsaye."

Verona ta rufe fuska da hannu biyu. A ganinta an gama, yayarta ta ba da itacen da bakinta.

Winfield, babban nan mai faɗin ƙirji, ya ajiye sauran burodinsa. Ya sunkuya ya ɗauki injin, kowa ya zuba masa ido. Ya kwance murfin tankin, ya juye man cikin jarka, ya naɗe igiyarsa.

"Mis, mangwaro aka ce in sare. Ba a ce mini kabari ba."

"Winfield, kar ka yi mini haka. Sai in kira wani fa."

"Kira. Mu shida ne masu injin nan a wannan gefen, kuma shago ɗaya muke zama da yamma. Ƙanen matata ma ruwa ne ya tafi da shi."

Mista Bynoe ya matso yana jan ƙafa, idonsa ya yi ja.

"Laifina ne, Ismay. Duk waɗanda na bari aka sare nasu, suna da kabari a bayan coci, mutanensu na da wurin zuwa. Ban taɓa tunanin wanda ba shi da shi ba. Shekara ashirin da takwas ina tsaro, ban yi wannan tunanin ba."

Mis Greenidge ta sa hannu a baki. Can nesa ana jin baƙinta suna dariya wajen tafki. Ta dubi tekun da ta buɗe, ta dubi tsohuwar da ta ƙi sakin itacen.

"Teku dai ta riga ta fito," ta ce a ƙarshe. "Jibi zan sa a naɗe kututturen da farin yadi, a rataya furanni, su tsaya daga gefe. Zai tsaya, Mama. Abin da zan gaya wa masu wuri, wannan nawa ne." Ta juya za ta tafi, ta sake juyowa. "Mista Bynoe, gobe ka zauna da ni ka faɗa mini sunayen. Dukansu."

Da ta tafi, Ismay ta ɗaga kai ta dubi farin tabon nan biyar. Sai yanzu hawaye suka zo, ba sauti.

"Zai tsiro?"

Tsohon bai yi mata ƙarya ba. "An yi masa yawa, kuma rani ne. Mangwaro na da taurin rai, amma ban sani ba. Sai ruwa ya sauka a watan Yuni za mu gani. In ana so ya samu dama, dole a rufe raunukan nan yau, kafin rana ta tsotse shi, kafin ƙwari su shiga."

"Da me?"

"Laka da kashin shanu. Akwai a bayan hasumiya."

Ismay ta cire takalminta na coci ta ajiye su kan wani reshe. Ta naɗe hannun riga. Mista Bynoe ya turo baro ya kawo ƙasa da bokitin ruwa, ta durƙusa ta cuɗa da hannunta har ya yi kauri yadda ya ce. Verona ta tsaya tana kallo, ba ta san inda za ta sa kanta ba, daga baya ta cire zobbanta ta zuba a aljihu ta durƙusa kusa da ita. 

Winfield ya jingina tsani a jikin kututturen ya hau, abokinsa ya riƙe masa. Ismay ta cika bokitin ta miƙa sama da hannu biyu, laka na gangarowa har gwiwar hannunta. Ya dinga ɗiba yana shafawa, tabo ɗaya bayan ɗaya, farin yana ɓacewa. Ita kuwa tana zagaya gindin, kanta a sama, tana bin hannunsa da ido.

"Ƙara masa a nan, bai rufu ba," ta ce. "Da kauri. Akwai wani ƙarami ta bayanka, kar ka tsallake shi."